Kafin a Tsaya Gaban Alƙali: Yadda Ake Adana Hujja da Shirya wa Kotu

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatan sashen kula da al'umma suka gabatar a taron masu unguwanni, kwamitin mata da matasa masu aikin sa kai. An buga shi domin waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Mun san wasu sun baro layin ruwa, wasu sun baro tukunya bisa wuta, saboda haka za mu shiga magana kai tsaye.

Da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya shigo ofishinmu ya ce, "An cuce ni, ina so a bi mani hakkina" ba. Sai mu tambaye shi yaushe abin ya faru, ya ce an kwana biyu. Wa ya gani? Ai kowa ya sani. Ina takardar likita? Raunin ya riga ya warke. Ina saƙon barazanar da aka turo maka? Wayar an sayar da ita an sayi hatsi. Sau da yawa mun yarda da shi, don mun san shi, mun san ba maƙaryaci ba ne. To amma alƙali bai san shi ba, bai kuma san wanda ake ƙara ba, kuma ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Abin da aka ajiye a gabansa, da shi zai yi hukunci. Mun ga masu gaskiya sun dawo daga kotu hannu rabbana, ba don komai ba sai don abin da ya kamata a yi a kwana uku na farko ba a yi shi ba. Wannan ne ya sa muka tara ku.

Da farko mu kawar da wata magana da ke yawo, cewa wai ɗan gudun hijira baƙo ne, ba shi da bakin kai ƙara. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, a sashe na 16, ta ba ɗan gudun hijira damar zuwa kotu a ƙasar da ta karɓe shi, kuma a wannan fanni a ɗauke shi kamar ɗan ƙasa, har da batun taimakon lauya. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya, tana cikin ta ƙasashen Afirka ta 1969, kuma tun 1997 tana da dokarta ta kanta kan matsayin 'yan gudun hijira. Ita wannan yarjejeniya ta 1951 kuma, a sashe na 2, ta ɗora mana bin dokokin ƙasar da muke zaune. Ke nan ƙofar kotu a buɗe take ta fuska biyu: kuna iya kai ƙara, ana kuma iya kai ku.

Akasarinku kun fito ne daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga 2019, kun saba da kotun shari'ar Musulunci da ta majistare, kun saba da a je wurin 'yan sanda a nemi beli. Tsarin nan ya sha bamban. A ƙauyuka jandarmomi ne ke karɓar ƙara, a birni 'yan sanda. Su ne ke rubuta bayani su aika wa alƙali mai shigar da ƙara da sunan gwamnati, shi kuma ya duba ko maganar za ta je gaban kotu. Idan babban laifi ne, akwai wani alƙali daban mai bincike, wanda zai kira kowa ɗaya bayan ɗaya kafin a yi zaman shari'a, kuma wannan kan ɗauki watanni. Akwai ƙaramar kotu a Gidan Rumji, babba a Maraɗi. Takardun kotu da Faransanci ake rubuta su. Amma a maganar aure, saki, gado da gona, alƙali yana zama da mutanen da suka san al'ada suna ba shi shawara, don haka kada ku zaci abin da kuka sani na addini da al'ada an jefar da shi.

Ba kowace magana ce ta kotu ba, kuma ba ma so ku fita nan kuna ganin mun zo raba ku da sulhu. Bashi, rikicin maƙwabta, ɓarnar dabbobi a gona, saɓanin miji da mata, duk waɗannan maigari da hakimi suna da ikon sasantawa, kuma galibi ya fi sauri, ya fi barin zumunci. Abin da kawai muke roƙo shi ne, in an sasanta a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe kwafinsa. Sulhun da aka yi da fatar baki a gindin bishiya, bayan wata shida kowa da yadda zai tuna shi. Amma kisa, fyaɗe, lalata da yaro ko yarinya, mummunan rauni, sayar da mutum, waɗannan ba a sasanta su a zaure. Mun san ana yi. Mun san ana tara dattawa a ba iyaye 'yan kuɗi a ce a rufa asiri. Iyayenmu, ku yi mana haƙuri da wannan magana: asirin wanda ya yi laifin ake rufawa, kuma gobe 'yar wani zai tare a hanyar itace.

Mu kuma ku san iyakarmu. Mu ba jandarmomi ba ne, ba alƙalai ba ne, ba lauyoyi ba ne. Ba ma kama kowa, ba ma binciken ɗakin kowa. Aikinmu mu saurare ku, mu rubuta abin da kuka faɗa yadda kuka faɗe shi, mu nuna maku inda za ku, mu raka ku in kuna so, mu haɗa ku da lauya. A Nijar akwai hukumar gwamnati da aka kafa a 2011 domin taimaka wa marasa ƙarfi da shawarar shari'a da lauya kyauta, ana kiranta ANAJJ a taƙaice, kuma yara ƙanana da waɗanda aka yi wa fyaɗe suna cikin waɗanda take ba fifiko. Abin da babba ya faɗa mana sirri ne, ba za mu kai shi ko'ina ba sai da izininsa. Inda kawai ba za mu iya yin shiru ba shi ne idan yaro na cikin haɗari, ko ran wani na cikin haɗari, kuma ko a nan za mu fara gaya maku abin da za mu yi.

To, mece ce hujja? Abu na farko, wanda ba ya cin ko dala, shi ne lokaci. Ranar da abu ya faru, a ranar a riƙe shi. In kun iya rubutu, ko boko ko ajami, ku rubuta. In ba ku iya ba, ku sa ɗanku ɗan makaranta ya rubuta, ko ku ɗauki muryarku a waya kuna ba da labarin. Ba dole sai kun san kwanan wata na Bature ba. "Ranar Laraba, washegarin rabon abinci, tsakanin La'asar da Magariba, a bayan famfo na biyu" ya ishe mu gano ranar da wurin. Ku faɗi abin da mutumin ya sa, abin da ya riƙe, kalmomin da ya furta kamar yadda ya furta su ko da zagi ne, da waɗanda ke kusa. Kuma ku raba abin da idonku ya gani da abin da aka gaya maku. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a kotu haka abin yake: "na gan shi ya fito daga ɗakin" daban, "an ce an gan shi" daban. Dalilin gaggawar shi ne zuciya tana gauraya abubuwa, balle zuciyar da ta sha firgita. Bayan wata huɗu za a tambaye ku ko da safe ne ko da yamma, lauyan ɗaya ɓangaren yana jira ku yi tuntuɓe.

Yanzu mu zo maganar da ta fi nauyi, kuma muna roƙon iyayenmu maza su ba mu kunne, don sau da yawa su ne ke yanke shawarar a tafi ko kada a tafi. Idan an yi wa mace ko yarinya ko yaro fyaɗe, asibiti ne farko, kafin jandarma, kafin mai unguwa, kafin mu. Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Akwai maganin hana ɗaukar ciki da ke aiki har zuwa kwana biyar. Akwai maganin sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar rigakafi in akwai rauni. Ba a bukatar takardar jandarma kafin a yi wa mutum magani, kuma zuwa asibiti bai zama an kai ƙara ba. In kwana ukun sun wuce, a je duk da haka, akwai abin da likita zai iya yi.

Mun san abin da zuciya ke fara so a irin wannan hali shi ne wanka da ƙone kayan da ke jiki. Wadda ta riga ta yi wanka ba ta yi laifi ba, kuma ƙararta ba ta mutu ba. Amma in da hali, a je asibiti kafin wanka. Zane, siket, ɗan kamfai, tabarma ko abin shimfiɗa, kada a wanke su. In da danshi a bar su su bushe a inuwa cikin ɗaki, sannan a naɗe su cikin takarda mai tsabta ko ambulan babba. Kada a ƙulle su a leda, don zafin nan namu da danshi kan sa su yi funfuna, abin da ake nema a jikinsu ya lalace. A nemi likita ya rubuta takardar shaidar abin da ya gani, da kwanan wata da sa hannunsa da hatimi. In maganar ta je wurin jandarma, su ma sukan ba da takardar da za a kai wa likita. In kuɗin takarda ya zama matsala, ku zo mu san yadda za a yi, kada ku fasa. Wannan takarda ba ta tilasta wa kowa zuwa kotu. Babbar mace ita ke da ikon cewa za ta kai ƙara ko ba za ta kai ba, yau ko bayan wata uku. Amfanin takardar shi ne ranar da ta yanke shawara, tana da abin riƙewa a hannu, domin rauni yana warkewa amma abin da likita ya rubuta yana nan.

Idan yaro ne, ga abin da muke roƙo. Ku saurare shi sau ɗaya, cikin natsuwa, ku bar shi ya faɗa da bakinsa. Kada ku ce "Wane ne ya yi maka, ko?", don yaro yakan amsa abin da ya ga babba yana so ya ji. Kada uwa ta tambaya, goggo ta tambaya, mai unguwa ya tambaya, maƙwabta su taru a sa shi ya maimaita. Kowace maimaitawa sabon ciwo ce, kuma kafin a kai gaban alƙali labarin ya cakuɗe da maganganun manya. Kada a doke shi, kada a ce me ya kai ka. Ku riƙe kalmomin da ya fara faɗa, ku kai shi asibiti, ku zo mana.

Duka da sara da sauran raunuka ma haka: asibiti a ranar, takardar likita, da hoton raunin in mai shi ya yarda. A ɗauki hoton da haske, ɗaya daga nesa yadda za a gane mutumin, ɗaya daga kusa, a ajiye wani abu kamar kwalin ashana a gefen raunin don a ga girmansa. A ajiye rasit na kowane magani da aka saya, komai ƙanƙantarsa.

Tunda mun ambaci hoto, bari mu yi maganar waya. Saƙon barazana, saƙon murya, lambar da ta kira, saƙon da ke nuna an tura kuɗi, duk hujja ne. Kada ku share don ɓacin rai. Ku ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambar mai turowa da rana da lokaci za su fito. Ku ajiye kwafi wurin mutum ɗaya da kuka amince da shi, don waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sayar da ita ranar da babu. Mutum ɗaya muka ce. Ƙannenmu masu aikin sa kai, wannan taku ce: hoton wanda aka cuta ba na zauren WhatsApp ba ne, ba na Facebook ba ne. Wanda ya yaɗa shi ya ƙara wa mai ciwo ciwo, ya faɗakar da wanda ake nema ya gudu, kuma shi kansa yana iya samun kansa gaban alƙali.

Sai takardu. Takardarku ta shaidar gudun hijira ita ce za a fara tambaya a ko'ina, ku duba ko tana kan lokacinta, ku duba ko sunan kowane yaro yana ciki kuma an rubuta shi daidai. Duk abin da kuka tsira da shi daga gida, katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara, takardar makaranta, takardar sayen gona, ko da ta yage ko ta sha ruwa, kada ku yar. Da tsohuwar zuma ake magani. Mun ga katin rigakafi da ya kusa ruɓewa ya tabbatar da cewa yarinya ba ta kai shekarun da ake cewa ta kai ba, kuma wannan ya sauya shari'ar gaba ɗaya. Ku kawo mu ɗauki hotonsu, ku riƙe na asali. In wata hukuma ta karɓi na asali, ku nemi a ba ku takardar da ke nuna an karɓa.

Yaron da aka haifa a nan, dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar haihuwarsa. A cikin waɗannan kwanaki abu ne mai sauƙi. In suka wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu ya yanke hukuncin da zai tabbatar da haihuwar. Wani lokaci alƙalai kan zo har cikin gari su yi irin wannan zama, kuma in za a yi muna sanar da ku. Aure da saki da mutuwa su ma ana rajistarsu. Iyayenmu mata da mazajensu suka rasu ko suka sake su, wannan ta shafe ku ƙwarai, don ranar da za a yi maganar gado ko riƙon yara, abin da za a fara tambaya ke nan: ina shaidar auren, ina shaidar rasuwar. In babu takarda, ku riƙe sunayen waliyyai da wanda ya ɗaura auren da waɗanda suka halarta, da inda suke yanzu.

Gona kuwa, da yawanku masu masaukinmu sun ba ku aro, Allah ya saka masu da alheri. Amma aro da haya da jingina da saye abubuwa ne huɗu daban, kuma rikici kan tashi ne bayan an share gona an zuba taki, ko bayan wanda ya ba da aron ya rasu 'ya'yansa suka zo. Tun ranar da aka yi magana a je wurin maigari da shaidu daga ɓangarorin biyu, a rubuta wace gona ce, iyakarta, damina nawa, da abin da za a ba mai gona in akwai. A ƙauyuka da yawa akwai kwamitin kula da filaye da ake kira Kofo, wanda aikinsa ke nan. Neman takarda ba rashin yarda ba ne, shi ma mai gonar ta kare shi. In dabbobi sun yi ɓarna, kada a taɓa dabba, kada a taɓa makiyayi. A kira maigari da shaidu su gani tun sawu bai goge ba, a ɗauki hoto. Masu zuwa ƙodago su ma, a yi jinga gaban mutum biyu, a riƙe lissafin kwanaki.

Wasu sun tambaye mu game da abin da aka yi masu can gida kafin su tsallako: kisa, ƙona rumbuna, kore shanu, kuɗin fansa. Galibi wannan hurumin kotunan Najeriya ne, kuma ba za mu yi maku alkawarin abin da ba ya hannunmu ba. Duk da haka ku rubuta: sunan ƙauye, ranar, waɗanda aka rasa, abin da aka ɗauka, iyakokin gonakinku da maƙwabtan gona. Ku adana shi a ɓoye, kada ku yi ta nuna shi. Zai yi amfani ranar neman ɗan'uwan da ya ɓata, da ranar da za a koma a tarar wani yana noma gonar.

Mu zo kan shaidu. Ku riƙe sunan wanda ya gani, da unguwarsa, da lambarsa, da sunan wani ɗan'uwansa, don mutanenmu suna tashi, yau yana nan gobe ya tafi ci-rani. A nan za mu faɗa maku kuskuren da mu kanmu muka taɓa yi. A wata shari'ar duka, muna da shaidu uku na gaskiya, duk sun ga abin. Don mu taimake su su daina tsoro, sai muka tara su a ɗaki ɗaya kwana ɗaya kafin zama, kowa ya ba da labarinsa sauran na ji. Washegari suka tsaya gaban alƙali, maganarsu ta fito iri ɗaya sak, har da wata kalma da ɗayansu kaɗai ya ji amma duka ukun suka faɗa. Lauyan wanda ake ƙara ya tambayi na biyu inda yake tsaye, aka ga daga wurin ba zai yiwu ya ji ba. Daga nan aka fara shakkar duka ukun. Tun ranar ba mu ƙara haɗa shaidu wuri ɗaya ba. Mutum uku da suka ga abu ɗaya daga wuri uku, dole maganarsu ta ɗan bambanta, kuma alƙali ya san haka. Kada ku gyara wa shaida magana, kada ku ƙara gishiri don ƙararku ta yi ƙarfi, kada ku kawo ɗan'uwa ya ce ya gani alhali bai gani ba. Shaidar zur laifi ce a dokar ƙasar nan kamar yadda take babban zunubi, kuma ƙarya ɗaya tana iya rusa gaskiya goma da ke tare da ita.

Idan kun je wurin jandarma ko 'yan sanda, za su rubuta bayaninku a takardar da za ku ji suna kira PV. Da Faransanci za a rubuta. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala, ku ce a karanta maku da Hausa, ko da Fulatanci ko harshen da kuka fi ji. In an rubuta abin da ba ku faɗa ba, ko an bar wani abu, ku ce a gyara, cikin ladabi amma ba da jin kunya ba, don wannan takarda ita za ta bi ku har gaban alƙali. Kada ku dangwala a farar takarda. Ku riƙe ranar da kuka je da lambar ƙarar in an ba ku.

In kuma namu aka kama, ku sanar da mu a ranar, ko da dare ne ku gaya wa mai aikin sa kai na unguwarku. A laifuffuka na yau da kullum, tsarewar farko a wurin jandarma awa 48 ce, kuma sai da izinin alƙali mai shigar da ƙara ake ƙara ta. Laifuffukan da suka shafi ta'addanci suna da nasu wa'adi mai tsawo. Abin da kuka sani da beli, a nan alƙali ake roƙa ya yi wa mutum sakin talala, kuma shi ke da ikon amincewa ko ƙi. Duk wanda ya tare ku a bakin ofis ya ce ku kawo kuɗi ya san wani a ciki, ku zo ku tambaye mu kafin ku sayar da akuyarku. Yaron da bai kai shekara 18 ba yana da alƙalinsa na yara, wanda bai kai 13 ba kuwa ba a yanke masa hukuncin laifi. Kun ga inda takardar haihuwa da katin rigakafi suke shigowa.

Ranar da sammaci ya zo, ku karɓa. Ƙin karɓa ko ɓuya ba ya tsayar da shari'a, ana iya yanke hukunci ba ku nan. Ku kawo mana shi a ranar mu karanta maku: wace kotu, wace rana, kuma a matsayin me aka kira ku, mai ƙara, wanda ake ƙara, ko shaida. Daga nan mu shirya mota, mu sanar da lauya, mu duba takardu tare. Ku zo da takardar shaidarku, da sammacin, da na asalin kowace takarda da kwafinta. Ku karya kumallo, ku riƙo ruwa, mai goyo ta zo da wadda za ta riƙe mata yaro, don ana iya kiran ku da hantsi, ana iya kai ku La'asar.

A cikin kotu, alƙali kuke yi wa magana, ba abokin shari'a ba. In ba ku ji tambaya ba ku ce a maimaita. In tafinta ya faɗi abin da ba shi kuke nufi ba, ku ce ba haka kuka ce ba. Mutanenmu suna da kawaici, babba in ya yi magana sai a ce "haka ne" ko da ba haka ba ne, a sunkuyar da kai. A kotu, "haka ne" amsa ce, kuma za a rubuta ta. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, abin da kuka manta ku ce kun manta, babu laifi a ciki. Lauyan ɗaya ɓangaren zai yi tambaya ɗaya ta fuska uku, wataƙila ya ɓata maku rai. Aikinsa yake yi, ku amsa a hankali. A shari'ar fyaɗe da ta yara, lauya yana iya roƙon a fitar da jama'a a yi zaman a rufe, ku gaya mana tun da wuri in kuna son haka. In kuna neman diyyar abin da kuka yi asara, sai kun faɗa da bakinku ko ta bakin lauya, kuma a nan ne rasit ɗin nan na magani da kuɗin mota za su yi magana.

Za a iya ɗage zama sau biyu, sau uku. Ku tambayi sabuwar ranar kafin ku bar harabar kotu, a rubuta maku ita a bayan sammacin. In wani ya biyo ku gida da barazana, ko da kuɗi, ko aka turo dattawa su ce ku janye, ku riƙe ranar da sunan wanda ya zo, ku gaya mana da lauya. Idan zaman unguwar ya zama haɗari gare ku, akwai matakan da za mu iya ɗauka, amma sai mun sani.

Ba za mu ce maku duk wanda ya bi waɗannan matakai zai yi nasara ba. Akan saki wanda ake zargi idan hujja ba ta kai ba, kuma wannan bai nuna an ce mai ƙara ƙarya ya yi ba. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, sai dai wa'adin gajere ne: a shari'ar laifi kwana 10 ne daga ranar da aka yanke hukunci a gabanku. Kada ku koma gida ku yi mako biyu kuna shawara da dangi. Ku yi magana da lauya a ranar.

Masu unguwanni da shugabannin mata, muna roƙon ku kai wannan magana gida gida, musamman ta kwana uku da ta kwana 60. Wanda ke da takardun da yake so a ɗauki hotonsu ya kawo su ofis, ba sai yana da shari'a ba. Matan da ba su son shigowa ta ƙofar da kowa ke gani, su yi magana da ma'aikaciyarmu a ɗakin mata ko a asibiti wurin awo, babu wanda zai tambaye su abin da ya kawo su. Yanzu za mu karɓi tambayoyi, amma wanda tambayarsa ta shafi maganarsa ta kansa, kada ya faɗe ta a nan cikin taro, ya same mu bayan an tashi.